Gida mai lamba 4600 a Titin Labadie: shari'ar Shelley da Kraemer

Ranar 11 ga Agusta, 1945, aka miƙa wa J.D. Shelley da matarsa Ethel takardar mallakar gida mai lamba 4600 a Titin Labadie, cikin birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka. Gidan sama ne na jan bulo, irin wanda iyali ɗaya ke zama a ƙasa wani iyalin a sama. Ba wani gidan a zo a gani ba ne. Amma ga mutanen da suka baro garin Starkville na jihar Misisipi da 'ya'ya shida, suka yi shekaru suna raɓe-raɓe a ɗakunan haya, samun wannan gida ba ƙaramin abu ba ne.

Ba su cika wata biyu da karɓar takardar ba, ranar 9 ga Oktoba, aka maka su a kotu. Wanda ya sayar musu bai ce an rage masa ko sisi ba. Babu mai bin su bashi, babu wanda ya ce filin na kakansa ne. Maƙwabta ne suka kai ƙara, Louis Kraemer da matarsa Fern, waɗanda ke da gida a kan wannan titin. Abin da suka roƙi kotu shi ne ta hana iyalan Shelley zama a gidan, ta warware mallakarsu, ta mayar da gidan ga wanda ya sayar ko ga duk wanda ta ga ya dace. Laifin iyalan Shelley guda ɗaya ne: baƙaƙen fata ne. Hujjar masu ƙara kuwa wata takarda ce da aka sa wa hannu shekara 34 kafin wannan ciniki.

Takardar 1911

Ranar 16 ga Fabrairu, 1911, masu gidaje da filaye a ɓangarori biyu na Titin Labadie, tsakanin Titin Taylor da Titin Cora, suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu. Su 39 ne masu mallaka a wannan tsakanin, 30 suka sa hannu. Filayen duka 57 ne, waɗanda suka sa hannu su ke da 47. Abin da takardar ta ce shi ne, har tsawon shekara 50, babu wanda ba farar fata ba da zai zauna a waɗannan gidaje, ko a matsayin mai gida ko a matsayin ɗan haya. Ta ma kama suna, ta ce ana nufin baƙaƙen fata da mutanen da a lokacin ake kira "jinsin Mongol", wato 'yan asalin gabashin Asiya. Aka kai takardar ofishin rajistar filaye aka ajiye, ta zama sharaɗin da ke bin filin duk hannun da ya shiga. Ko wanda ya sa hannu ya mutu, ko ya sayar ya bar gari, sharaɗin yana nan manne da ƙasar.

Wani abin da ya kamata a lura da shi: a ranar da ake sa wannan hannu, filaye biyar a wannan layin na baƙaƙen fata ne. Ɗaya daga cikinsu ma tun 1882 iyalan baƙaƙe ke zaune a ciki. Ke nan ba unguwar da ba ta taɓa ganin baƙar fata ba ce. Mutane ne suka waiwaya suka dubi maƙwabtan da suka tarar, suka ce daga kanku an rufe ƙofa.

Me ya sa sai ta hanyar takarda tsakanin maƙwabta? Domin hanyar doka kai tsaye ta toshe. A 1916 masu jefa ƙuri'a a St. Louis suka amince da dokar da ta hana mutum komawa layin da kashi 75 cikin 100 na mazaunansa ba launinsa ba ne. Ba ta yi tsawon rai ba, domin a 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin wannan doka ta birnin Louisville a shari'ar Buchanan da Warley, ta ce hukuma ba ta da ikon raba wa mutane unguwa bisa launin fata. Sai masu gidaje da dillalai suka koma ga yarjejeniyar da ba hukuma ce ta rubuta ba. A 1926, a shari'ar Corrigan da Buckley daga birnin Washington, Kotun Ƙoli ta ce wannan harka ce ta mutane a tsakaninsu, kundin tsarin mulki bai shiga ciki ba. Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji, a Chicago, a Detroit, a Los Angeles, a duk inda baƙaƙen da ke ƙaura daga Kudu suke sauka neman aikin masana'antu.

Ba maƙwabta kaɗai ke riƙe da igiyar ba. Ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta sa a cikin ƙa'idojin sana'arta na 1924 cewa dillali na ƙwarai ba ya kawo wa unguwa mutumin da jinsinsa ko asalinsa zai karya darajar gidaje. Hukumar tarayya mai tsaya wa bankuna kan bashin sayen gida, wadda aka kafa a 1934, ita ma a littafin da take ba ma'aikatanta ta ba da shawarar a riƙa sa irin waɗannan sharuɗɗa. A kan taswirar birane kuma ana shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar cewa kada a ba da bashi a nan. To ka haɗa waɗannan: mutum ba zai iya saye a waje ba saboda takarda, ba zai samu bashin gyara ko saye a ciki ba saboda taswira. Abin da ya rage masa shi ne haya, a 'yan unguwannin da aka ware masa, inda masu gidaje suka san ba shi da wurin zuwa. Sai su yanka gida ɗaya ɗaki-ɗaki, su tsawwala kuɗi, rufi na zuba ba mai gyarawa. Wannan ce rayuwar da iyalan Shelley suke neman fita daga cikinta.

Dillalin da ya ci gaba ya ci baya

Yadda aka yi cinikin ma abin dubawa ne. Wani dillali mai suna Bishop shi ya tsaya wa iyalan Shelley a matsayin wakilinsu. Abin da kotun farko ta gano shi ne, gidan a hannun Bishop ɗin yake tun farko. Ya saya ya sa sunan wata farar fata, Josephine Fitzgerald, a takarda, sannan ya juyo ya sayar wa mutanen da yake wa wakilci ba tare da ya gaya musu nasa ba ne. Kotun ta kuma tabbatar da cewa a lokacin sayen, iyalan Shelley ba su san da wata yarjejeniyar 1911 ba.

Wannan dabara ta sa sunan farar fata a gaba ta zama ruwan dare a lokacin, domin ita ce kaɗai ƙofar da baƙar fata ke bi ya samu gida a wajen inda aka killace shi. Amma dubi inda ta ajiye mai saye. Bai san asalin mai gidan ba, bai san nawa aka saya ba, bai san abin da ke rubuce a kan filin ba. Wariya ba hana ka gida kaɗai take yi ba, har ƙarfin ciniki take ƙwace maka, ta miƙa wuyanka ga duk wanda ya ce zai iya shigar da kai ta bayan gida.

Daga ƙaramar kotu zuwa Washington

Lauyan da ya tsaya musu shi ne George L. Vaughn, baƙar fata, tsohon hannu a siyasar St. Louis, wanda iyayensa sun yi zaman bauta. A kotun farko ya yi nasara, sai dai ba a kan abin da ya fi damunsa ba. Alƙali ya ce niyyar waɗanda suka tsara takardar ita ce ta fara aiki idan kowa ya sa hannu, tun da kuwa mutum tara ba su sa ba, takardar ba ta kammalu ba. Hukuncin bai ce wariyar kanta haram ce a doka ba.

Iyalan Kraemer, da goyon bayan ƙungiyar masu gidajen unguwar, suka ɗaukaka ƙara. A Disamba 1946 Kotun Ƙolin jihar Missouri ta juya hukuncin. Ta ce takardar na da ƙarfi a kan filayen waɗanda suka sa hannu, kuma tilasta bin ta bai take wani haƙƙin da kundin tsarin mulki ya ba iyalan Shelley ba. Ta umarci ƙaramar kotu ta ba masu ƙara abin da suka nema.

A daidai wannan lokacin irin wannan shari'a na gudana a Detroit. Orsel McGhee da matarsa Minnie sun sayi gida a Titin Seebaldt a ƙarshen 1944, a layin da aka ƙulla yarjejeniya tun 1934 cewa fararen fata kaɗai za su zauna. Maƙwabcinsu Benjamin Sipes da wasu suka kai ƙara, kotu ta ba su kwana 90 su kwashe kayansu, Kotun Ƙolin Michigan ta tabbatar. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata ta daɗe tana jiran shari'ar da ta fi dacewa ta kai sama, kuma manyan lauyoyinta ba su gamsu cewa ta St. Louis ce ba. Vaughn bai jira su ba, ya shigar da tasa buƙatar. Dole Thurgood Marshall, babban lauyan ƙungiyar, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko a kujerar alƙalin Kotun Ƙoli, ya hanzarta da ta Detroit. Kotun ta karɓi duka biyun ta haɗa su, tare da wasu ƙararraki daga birnin Washington da lauya Charles Hamilton Houston ya jagoranta.

An saurari shari'ar ranakun 15 da 16 ga Janairu, 1948. Abubuwa biyu suka faru da ba a saba gani ba. Na farko, gwamnatin Shugaba Harry Truman ta shigo da nata bayanin tana goyon bayan masu sayen gidajen, alhali ba ita ake ƙara ba. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, Amurka na gogayya da Tarayyar Sobiyet wajen neman farin jini a duniya, kuma labarin ana korar tsofaffin sojoji da ma'aikata daga gidajen da suka saya da guminsu yana zubar mata da mutunci. Na biyu, alƙalai uku cikin tara, Robert Jackson da Stanley Reed da Wiley Rutledge, suka janye daga shari'ar. Ba su faɗi dalili ba. Abin da jama'a suka ɗauka tun lokacin shi ne su ma suna da gidajen da ke ɗauke da irin wannan sharaɗi.

Gardamar kanta a kan kalma ɗaya ta tsaya. Gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1868 ya ce babu wata *jiha* da za ta hana mutum kariyar doka daidai da ta kowa. Lauyoyin masu ƙara suka ce to ina jiha a nan? Majalisa ba ta yi doka ba, gwamna bai ba da umarni ba. Mutane ne masu dukiya suka yi alkawari a kan dukiyarsu, kotu kuwa aikinta ne ta sa a cika alkawari, ko na sayar da doki ne ko na gida. Suka ƙara da cewa ai babu son kai, domin da baƙaƙe za su ƙulla tasu yarjejeniyar su hana farare, kotu za ta tilasta ta haka nan.

Vaughn ba gwanin ƙwaƙule-ƙwaƙulen littafi ba ne kamar su Marshall. Ya dogara ne a kan tsohuwar dokar 1866 wadda ta ce kowane ɗan ƙasa na da haƙƙin saye da sayarwa da haya da gādo kamar yadda farar fata yake da shi. Waɗanda suka halarci zaman sun ruwaito cewa da ya zo ƙarshen jawabinsa, sai ya ɗaga murya ya ce baƙar fata na ƙwanƙwasa ƙofar Amurka yana cewa a bar shi ya shigo ya ji ɗumin wuta, domin da shi aka gina gidan. Yana faɗa yana ƙwanƙwasa teburin da ke gabansa da hannu, ɗakin ya yi tsit.

Hukuncin 3 ga Mayu, 1948

Alƙalai shidan da suka rage bakinsu ya zo ɗaya. Alƙalin Alƙalai Fred Vinson ne ya rubuta hukuncin, kuma ya raba maganar gida biyu.

Kashi na farko bai yi wa kowa daɗi a ɓangaren Shelley ba. Ya ce takardar ita kanta ba ta saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Muddin waɗanda suka sa hannu suna bin ta da son ransu, babu ruwan Gyara na 14.

Kashi na biyu shi ne ya ceci gidan. Ya ce a nan ga mai saye da kuɗinsa a hannu yana so, ga mai sayarwa ya yarda, an yi ciniki an gama. Ba don kotunan jiha sun sa hannu da dukkan ƙarfin hukuma a bayansu ba, da waɗannan mutane suna zaune a gidajensu ba mai ce musu uffan. Alƙali ma'aikacin jiha ne, umarninsa umarnin jiha ne, wanda zai zo ya fitar da kaya waje kuma da sunan jiha zai zo. Saboda haka ranar da kotu ta tilasta wannan takarda, jiha ce ta yi wariya. Game da cewa ai za a iya yi wa farare haka, Vinson ya amsa da cewa haƙƙin na kowane mutum ne a kan kansa, kuma ba a samar da daidaito ta hanyar raba wa kowa nasa kason zalunci.

A ganina nan ne ƙarfin hukuncin yake, nan ne kuma rauninsa. Ya gano abin da masu takardar suka fi kowa sani, wato ƙiyayyar maƙwabci ita kaɗai ba ta fitar da mutum daga gida. Cikin mutum talatin da suka yi alkawari, dole wata rana a samu wanda bashi ya ci, ko magajin da ke zaune a wani gari yana son kuɗi, ya sayar wa wanda ya fi tayi. Abin da ke riƙe da su duka shi ne sandar kotu. Vinson ya karɓe sandar. Amma bai ce wa kowa ya daina ba. Malaman shari'a kuma sun daɗe suna tambaya: in duk abin da kotu ta tilasta ya zama aikin jiha, to ina iyakar abin? Wasiyyar da mutum ya ware wani a ciki fa? Mai gida da ya kira 'yan sanda su fitar masa da baƙon da ba ya so fa? Kotun Ƙoli ba ta bi wannan hanya har ƙarshenta ba, ta bar hukuncin Shelley kusan a inda ya tsaya.

Abin da ya biyo baya

Iyalan Shelley suka ci gaba da zama a gidansu, iyalan McGhee ma haka. Masu son wariya kuwa suka sake lale. Tun da ba za a iya korar mai saye ba, sai a kai ƙarar wanda ya sayar a nemi diyya don ya karya alkawari. Wannan ƙofa sai a 1953 aka rufe ta, a shari'ar Barrows da Jackson daga Los Angeles. Abin mamaki, alƙali ɗaya tilo da ya ƙi amincewa da wannan hukunci shi ne Vinson ɗin da ya rubuta na Shelley. Hukumar tarayya mai tsaya wa bankuna ita ma ta yi ta jan ƙafa, sai daga Fabrairu 1950 ta daina karɓar gidajen da aka sa wa sabon sharaɗi irin wannan. Ba ta kuma fasa fifita sababbin unguwannin farare na bayan gari ba.

Mafi yawan wariyar ma ba ta buƙatar takarda. Dillali ya ce an riga an kama gidan. Banki ya ce takardunka ba su cika ba. Mai ginin unguwa ya ce ba ma sayar wa irinku, kai tsaye, ba kunya, domin har lokacin babu dokar tarayya da ake aiki da ita a kansa. Haka aka yi wa Joseph Lee Jones a 1965, a wata sabuwar unguwa mai suna Paddock Woods, a bayan garin St. Louis ɗin dai. Kamfanin Alfred H. Mayer ya ƙi sayar masa da gida don shi baƙar fata ne. Ranar 17 ga Yuni, 1968, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar nan ta 1866 ta hau kan kowa, hukuma da ɗan kasuwa da mai gida. Mai shari'a Potter Stewart ya rubuta cewa dole dala ɗaya a hannun baƙar fata ta sayi abin da dala ɗaya ke saye a hannun farar fata. Hujjar da Vaughn ya kawo ke nan shekara ashirin baya, wadda a lokacin aka tsallake ta. Bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 1949.

Wata biyu kafin hukuncin Jones, ranar 11 ga Afrilu, 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar adalci a harkar gidaje. Ita ce har yau ginshiƙin haƙƙin ɗan haya da mai saye a Amurka. Ta hana ƙin ba da haya ko sayarwa saboda tsatson mutum, launin fata, addini ko ƙasar asali. A 1974 aka ƙara bambancin mace da namiji, a 1988 aka ƙara naƙasa da kasancewar mutum yana da yara. Ta hana a ce wa mutum babu ɗaki alhali akwai, ta hana a sa masa kuɗi ko sharaɗin da ba a sa wa wani ba, ta hana tallan da ke nuna irin mutanen da ake so, ta kuma shafi bankuna masu ba da bashin gida. Wanda aka yi wa haka na da shekara ɗaya ya kai kuka ma'aikatar gidaje ta tarayya, ko shekara biyu ya shigar da ƙara kotu. Tana da ramuka, don mai gidan da bai wuce sassa huɗu ba wanda shi ma yake zaune a ciki, yawancin dokar ba ta kama shi. Amma ko shi ba a yarda ya buga tallan wariya ba, kuma in maganar launin fata ce, dokar 1866 ba ta ware shi ba.

Matsalar da ta rage ita ce shaida. A zamanin Shelley wariya a rubuce take, da sa hannu da hatimin rajista, lauya zai ɗauko ta ya ajiye gaban alƙali. Yau murmushi za a yi maka a ce ka yi haƙuri, jiya aka ba wani. Ta yaya za ka san ƙarya ce? Dabarar da aka samo ita ce aika 'yan gwaji: mutum biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, albashi ɗaya, iyali iri ɗaya, su je wurin dillali ɗaya a rana ɗaya ko kusa, kowa ya dawo ya rubuta abin da aka gaya masa. A 1978 a yankin Richmond na jihar Virginia, an yi ta gaya wa Sylvia Coleman, baƙar fata, cewa babu ɗakin haya, ana gaya wa abokin gwajinta farar fata akwai. A 1982 Kotun Ƙoli ta ce tana da ikon kai ƙara ko da ba da niyyar kama ɗakin ta je ba, domin doka ta ba kowa haƙƙin a gaya masa gaskiya. Babban gwajin da ma'aikatar gidaje ta sa aka yi a 2012, sama da sau 8,000 a manyan birane 28, ya nuna ƙin karɓar mutum ƙiri-ƙiri ya ragu ƙwarai, amma gidajen da ake sanar da baƙar fata mai neman haya sun gaza na takwaransa fari da kusan kashi 11 cikin 100, mai neman saye kuma da kashi 17. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya rufe masa ƙofa. Zai tafi yana gode wa dillali.

Wanda ya taɓa neman haya a Legas ko Abuja aka tambaye shi garinsu ko addininsa, ko macen da aka ce sai ta zo da miji, zai gane wannan rarrabewa ta Vinson ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sashe na 43 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana wariya saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. Sai dai lafazin sashe na 42 yana magana ne a kan doka da ayyukan gwamnati. Mai gidan da ya gaya wa dillalinsa a waya irin mutanen da ba ya so, yana tsaye ne a filin da Amurka ta bari a buɗe daga 1948 zuwa 1968.

Su kuwa tsofaffin takardun ba su ɓace ba. Hukuncin Shelley ya kashe ƙarfinsu amma bai goge su daga rajista ba, shi ya sa har yau mai sayen gida a Amurka kan buɗe takardunsa ya tarar an rubuta cewa irinsa ba ya zama a nan. A 1986, lokacin da majalisar dattawa ke tantance William Rehnquist don zama Alƙalin Alƙalai, aka gano takardar gidan hutunsa a jihar Vermont ta hana sayar wa Yahudawa, wani gidan da ya taɓa mallaka a Phoenix kuma an hana sayar da shi ga wanda ba farar fata ba. Ya ce bai san da su ba.

Wa'adin takardar Titin Labadie ya cika a 1961. Kafin lokacin fararen unguwannin arewacin St. Louis sun riga sun fara kwashewa zuwa bayan gari, inda bashin gida ke da sauƙin samu a gare su, jari da shaguna da kuɗin haraji suka bi su. Birnin da ke da mutum sama da 850,000 a ƙidayar 1950 ya dawo kusan 300,000 a ta 2020. Titin Delmar ya zama kan iyaka da kowa a garin ya sani: kudu da shi yawanci farare ne da gidaje masu tsada, arewa da shi kusan duka baƙaƙe ne, ga kangaye da filayen da aka rushe gidajensu ciyawa ta cinye. Titin Labadie a arewa yake. A 1990 gwamnatin tarayya ta sa gida mai lamba 4600 cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma yana nan tsaye da jan bulonsa.